Ja'afaru Mai Faci da Gadon Tantabaru

Ranar da Mardiyya ta fara ganin Ja'afaru, ƙafafunsa ta fara gani kafin fuskarsa, domin kansa na cikin komin ruwan shanu.

Suna ake yi a gidansu da ke cikin birnin Daura. Goggo Ma'u, ƙanwar mahaifinta, ta zo daga garin Babban Mutum tare da ɗanta, wani dogon saurayi mai wuya kamar na zalɓe. Bai ko gama gaisuwa ba ya hango tantabarun Malam Mati, mahaifin Mardiyya, sun yi layi a kan katanga. Nan take ya ce a garinsu da hannu ɗaya yake cafke tantabara tana cikin tashi. Aka ce masa bismilla. Ya naɗe ƙafar wando, ya hau katanga, ya miƙa hannu. Tantabaru suka yi sama, shi kuma ya yi ƙasa. Da aka zaro shi daga komin, ruwan dusa na zuba ta hancinsa, sai ya dubi yarinyar da ke tsaye da farantin tsaba, ya ce, "Da ma haka na tsara. Zafi nake ji."

Mardiyya ta yi dariya har tsabar ta zube. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, tun daga ranar, in ta ji sallama da irin muryarsa sai ta tsinci hannunta yana gyara ɗaurin ɗankwali.

Shekaru suka wuce. Ja'afaru ya dawo Daura da zama, ya kafa rumfar facin taya a gindin darbejiya, daidai ƙofar kotun shari'a. Da yake taubashinta ne, ba mai hana su wasa. Duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Mardiyya, yaushe za ki ba ni amsa?" Ita kuma amsarta ɗaya ce: "Ranar da ka kama tantabara da hannunka, ɗan mace."

Ana nan Allah ya yi wa Malam Mati rasuwa. Bai bar bashi ba, bai kuma bar wasiyya ba. Ya bar matarsa Inna Laraba da 'ya'ya uku: Abdulrazak da ke fataucin kayan babur a Mashi, Nasrullahi tela da ke zaune a gida, sai Mardiyya auta. Ya bar gida mai rijiya, da shanun huɗa biyu, Fari da Baƙi, da garmarsu, da tantabarun da ba wanda ya san kansu sai shi da Mardiyya.

Da Inna ta fita takaba, Baffa Kalilu, ƙanin marigayi, ya tara maza a zaure. Mardiyya ta laɓe a bayan ƙofa da tsintsiya a hannu, don ko an kama ta ta ce shara take.

"Kotu dai ba za mu je ba," in ji Baffa. "Tun da aka kawo shari'a kowa ya kwashi ɗan'uwansa sai gaban alƙali, 'yan kallo sun cika gindin bishiya kamar ana dambe. Sunan Mati ba zai shiga bakin masinja ba ina raye."

"To a kira malamina daga Mashi," in ji Abdulrazak.

"Wanda ke cin tuwo a gidanka?" in ji Nasrullahi. "A kira nawa."

"Wanda kake ɗinka wa riga kyauta?"

Suka miƙe tsaye. Sai aka ji gyaran murya daga lungu.

"Kawu, me ake wahala ga ni zaune?"

Baffa ya dubi Ja'afaru tun daga hula har silifa. "Kai a su wa?"

"Kawu, tagar alƙali rumfata take kallo. Ba hukuncin da aka yanke ban ji ba, sai in ina buga famfo. Shi kansa alƙalin ni nake duba masa iskar taya. Kullum sai mun tattauna."

"Sannu yake ce maka," in ji Nasrullahi.

"Ai ba kowa yake ce wa sannu ba. Kuma ku duba, ni ɗan mace ne, ko allura ba ni da ita a gadon nan. Wa ya fi ni adalci?"

Wannan kam ba wanda ya iya musawa. Abdulrazak ya ga ba malamin Nasrullahi ba ne, Nasrullahi ya ga ba malamin Abdulrazak ba ne, duk suka koma suka zauna.

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. "Na san abin da ke kawo ka gidan nan, ba tuwon Laraba ba ne. In ka raba gadon nan lafiya, ba kotu, ba wanda ya ji kanmu, in yarinya ta yarda na ba ka. In kuwa ka ja mana abin kunya, ko a hanya ka hango ta ka canza lungu."

Tsintsiya ta faɗi a bayan ƙofa. Kowa ya yi kamar bai ji ba.

Da zai tafi ta tare shi a bakin rijiya. "Yaya Ja'afaru, ka san rabon gado kuwa?"

"Namiji biyu, mace ɗaya, matar mamaci tumuni. Saura me?"

"Na ji kamar ana yi wa kaya ƙima tukuna, sannan a raba."

"Wannan aikin waɗanda ba su yarda da idonsu ba ne. Ni kowane abu a inda yake zan raba shi, kowa ya ga nasa ya taɓa. Ke dai ki fara zaɓen atamfa."

Washegari da hantsi ya iso cikin babbar rigar aro wadda ta fi shi faɗi sau biyu, da rawanin da ya naɗa da labulen rumfarsa. Ya rataya ma'aunin iskar taya a wuya, ya riƙo igiya da gawayi. Shatu mai waina, wadda ke suya a ƙofar gidan tun Mardiyya na goye, ta ɗaga kai daga tanda.

"La'ilaha! Ja'afaru, wa ya mutu kuma?"

"Ki iya bakinki, Shatu. Hukuma ce ke wucewa."

"To hukuma ta ɗaga rigarta, tana share mini toka."

Da gida ya fara. Ya kafa turke a bakin zaure, ya ja igiya ya miƙe sambal, duk abin da ya tare masa hanya ya tsallake shi. Ya yi ta awo da taku yana zana gawayi a bango, ya sa aka kawo zana aka kakkafa a kan layin. Kafin azahar tsakar gidan da ake shanya gero ta koma kamar turakun awaki a kasuwa. Ɗakin Inna ya faɗa rabon Abdulrazak, tagar ɗakin kuma ta Nasrullahi. Layi ɗaya ya bi ta tsakiyar makewayi: ƙofa ta Nasrullahi, rami na Mardiyya.

"To in ta kama ni fa?" in ji Nasrullahi.

"Ka shiga ta ƙofarka, ka tsaya, ka nemi izinin ƙanwarka."

"In ba ta nan fa?"

"Haƙuri na daga cikin imani."

Daga nan ya faɗa madafi. Ya dubi murhu, ya ga duwatsu uku, fuskarsa ta washe. "Allahu akbar! Kun ga abin da ya raba kansa. Ɗaya na Abdulrazak, ɗaya na Nasrullahi, ƙaramin na Mardiyya."

"Ni fa?" in ji Inna, hannu a ƙugu.

"Inna, tumuninki toka."

"Murhun nan da hannuna na kafa shi ranar da aka kawo ni gidan nan, uwarka ma ita ta riƙe mini fitila! Mati bai taɓa sanin inda yake ba sai dai ya ga tuwo!" Ta zaro muciya. Hukuma ta tattare babbar riga ta tsallake zana biyu a jere, ta uku ta kama rawani ta warware shi. Daga can nesa ya ɗaga murya, "Da ma haka na tsara! Gwada ki nake in ga ko kin san haƙƙinki!"

Rijiya ba ta ba shi wahala ba. Ramin na Abdulrazak, guga na Nasrullahi, igiya ta Mardiyya, Inna kuma murfi. Shanu ma haka: Baƙi na Abdulrazak, Fari na Nasrullahi, garma ta Mardiyya, karkiyar da ake ɗaura musu a wuya ta Inna. Abdulrazak ya ja Baƙi ya kai shi ajiya gidan wani abokinsa a bayan gari. Shanun nan kuwa tun suna maruƙa ba su taɓa rabuwa ba. Fari ya tsaya a turke ya kafa kuka, daga bayan gari aka ce Baƙi ma ya ƙi cin ko harawa.

Sai aka zo kan tantabaru, inda Ja'afaru ya ce a nan za a ga zurfin karatu.

"Maza su ɗauki maza, mata su ɗauki mata."

Mardiyya ta ɗago da sauri. "Yaya Ja'afaru, ai kowace da mijinta. Tantabara ba ta canza miji, shi ma ba ya canza ta."

"Shari'a ba ta san soyayyar tsuntsu ba. Kamo su."

"Kai ka kamo mana. Ba da hannu ɗaya kake yi ba?"

Ya maida hannuwa baya. "Kin taɓa ganin alƙali ya kama kayan shari'a da hannunsa?"

Haka ta watsa tsaba, ta yi irin fiton da mahaifinta ke yi, suka sauko kafaɗunta da hannuwanta. Tana kamawa tana miƙawa, zuciyarta na ciwo, ta kasa ce masa a'a a gaban yayyenta. Aka raba mazan gida biyu. Matan aka bar mata, ban da wata tsohuwa mai ɗingishi da ido ɗaya, ita ce tumunin Inna.

"Allah ya isa," in ji Inna. Amma ta ɗauke ta ta sa a cinya tana ba ta gero a tafin hannu, don ita ce wadda Malam Mati ya fi so.

Abdulrazak ya ɗaure kwandonsa a bayan babur ya nufi Mashi. Ya isa lafiya, ya buɗe kwando don ya nuna wa maƙwabta gadon ubansa. Gadon ya yi sama, ya zaga gari sau ɗaya, ya miƙe gabas. Kafin ya gama shan ruwa suna kan katangar Daura, kowane ya lalubo matarsa yana zagaya ta yana buɗa maƙogwaro. Na Nasrullahi kuwa ba su ma sha wahala ba, zana kawai suka tsallaka.

Da la'asar Abdulrazak ya dawo fuska duk ƙura. "Asiri aka yi musu! Nasrullahi, malaminka ne!"

"Malamina ya rasa abin kira sai tsuntsu? Ga nawa can su ma sun gudu wurin Mardiyya!"

"To ita ce!"

"Ku dakata," in ji Ja'afaru. "Da ma haka na tsara. Yanzu mun tabbatar lafiyarsu ƙalau. Abin da ya rage a sa musu shaida, kowa ya san nasa ko a sama yake."

Aka kawo shuni daga marina, aka kwaɓa lalle, aka daka gangamau. Na Abdulrazak suka zama shuɗɗa, na Nasrullahi jajaye, gurguwar Inna ta zama rawaya kamar an tsoma ta a miyar taushe. Na Mardiyya aka bar su farare. Da garken ya tashi da yamma, unguwa ta fito kallo. Wani tsoho da ke alwala a ƙofar masallaci ya saki buta ya ce shi kam ya ga alamar tashin duniya. Mutane suka fara zuwa daga wasu unguwanni suna tambayar gidan da ake rina tsuntsaye.

"Ba wanda ya ji kanmu, ko?" in ji Baffa, yana kallon taron.

"Kawu, ai ba ji suke ba, gani suke."

Kwana kaɗan aka yi ruwan shuka, mai ƙarfi. Da gari ya waye, shuɗin miji ya goga wa farar mata, jan ya zuba a kan shuɗi, duk garken ya koma launi ɗaya, kalar miyar kuka da ta kwana. Gurguwa ce kaɗai ta tsira da rawayarta, don a ɗakin Inna take kwana.

Ga damina ta sauka, masu gonakin da Malam Mati ya saba yi wa huɗa suna ta sallama, ba shanu. Nasrullahi ya gwada ɗaura wa Fari garma shi kaɗai, bayan ya ari garmar wurin Mardiyya da karkiya wurin Inna. Fari ya dube shi, ya kwanta. Ruwan sha kuma sai daga maƙwabta, domin Abdulrazak ya ce tunda an riƙe masa tsuntsaye, kada a taɓa masa rami. Inna ta ɗauki tulu a kai tana wuce rijiyar gidanta, tana yi wa Ja'afaru addu'o'in da ba a amsawa da amin.

Mardiyya ta same shi a zaure. "Yaya Ja'afaru, ka je wurin Liman a asirce. Ba wanda zai sani. Ka ce ya duba maka."

Ya yi kamar zai yarda. Har ta ga gajiya a idonsa, da jan lalle a yatsunsa. Sai ya gyara rawani. "In je wurin Liman? Ai Liman ne zai zo wurina. Asabar zan tara unguwa, a yi bikin kammala rabo, a sa albarka. Daga nan sai maganarmu."

Ta bi shi da kallo. Ta rasa abin da ya sa mutum zai zama wawa haka, kuma a ce in ya fita gidan sai ya yi mata faɗi.

Asabar da safe, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Nasrullahi ya tare shi da sabuwar magana. "Ga ƙwai a tukwanen tantabaru. Uban nawa ne, uwar ta Mardiyya, tukunyar kuma a bangon Abdulrazak take. Na wa ne?"

Ja'afaru ya ce, "Ƙwai amana ne a hannun hukuma, sai an yanke hukunci." Ya bi tukwane yana kwashewa, iyayen na dukansa da fiffike. Ya laluba aljihun rigar aro ya ji a huje, sai ya cire hula ya jera su a ciki, ya kifa a ka a hankali, ya naɗa rawani a kai.

"Kwanci ake yi a kansu," in ji Mardiyya. "Ka maida musu."

"Bayan taro. Kaina ma da ɗumi."

Taro ya yi taro. Ga Mai Unguwa, ga Liman, ga Baffa Kalilu ya sha farar riga, ga 'yan kallon da ba a gayyata ba har kan katangar maƙwabta. Shatu ta ƙara ƙullu, don ta san yau akwai ciniki. Mata suna leƙe ta zaure, Mardiyya a cikinsu. Ja'afaru ya ce a kawo Baƙi daga bayan gari don shaidu su ga kowane kaya da mai shi. Ya miƙe yana tafiya a sanɗare, wuya a miƙe kamar mai ɗauke da tulu, ya yi bayani tun daga zaure har makewayi.

Liman, wani dattijo mai sanyin magana, ya saurara har ƙarshe. "Malam Ja'afaru, ina da 'yar tambaya. Rijiyar nan, in Laraba na son ruwa, yaya za ta yi?"

"Mai sauƙi, Allah gafarta Malam. Ta ɗaga murfinta, ta ari igiya wurin Mardiyya, guga wurin Nasrullahi, ta ba direba saƙo zuwa Mashi a nemo izini."

"Kafin direba ya dawo fa?"

"Ta yi taimama."

"Taimama ake sha?"

Taro ya kwashe da dariya. Ja'afaru ya so ya girgiza kai, ya tuna abin da ke ciki, ya fasa. Ga wasu tantabaru sun sauko suna shawagi a saman rawaninsa, ɗaya har ta sauka ta fara caccakar labulen.

"Kun gani?" ya ce. "Tsuntsaye ma sun san adali."

Daidai nan aka iso da Baƙi, ya rame, mutum biyu na riƙe da shi. Ja'afaru ya ce, "Ku ba ni nan. Dabba ta san hukuma." Ya karɓi igiyar, ya naɗa ta a wuyan hannu har sau uku don kowa ya gani.

Daga cikin gida Fari ya yi kuka.

Baƙi ya ɗaga kunne. Ya amsa. Sai kawai aka ga babbar riga ta buɗe kamar tutar makaranta ta bi bayan sa. Tandar Shatu ce ta fara tafiya, waina ta yi sama ta zubo a kan Mai Unguwa. Mata suka watse daga zaure suna salati. Baƙi ya shiga, Ja'afaru na biye a kwance yana ihu, "Ku tsaya a rabonku! Kada kowa ya tsallaka layi!" Zanar Abdulrazak ta faɗi, ta Nasrullahi ta bi ta, ta makewayi ta tafi da ƙofar gaba ɗaya. Fari ya tumɓuke turke ya taho tarye. A tsakiyar gida suka haɗu, suka tsaya cak, suna shinshinar juna. Igiya ta saki. Ja'afaru bai tsaya ba, sai da ya ƙarasa cikin komin ruwa.

Unguwa duka ta biyo baya, ba mai tunawa da sallama. Abin da suka tarar shi ne tsakar gida ta dawo fili guda kamar yadda Malam Mati ya bar ta, shanu biyu kafaɗa da kafaɗa, tantabaru sun yi layi a katanga bibbiyu, da ƙafafu biyu a sama suna harbin iska.

Abdulrazak ya kama ƙafa ɗaya, Nasrullahi ya kama ɗaya, suka zaro shi. Rawani ya tafi, hula ta manne, ƙwai na gangarowa ta goshi da bayan kunne yana haɗuwa da dusa. 'Yan'uwan suka dube shi, suka dubi juna, sai dariya ta ƙwace musu. Suka riƙe juna suna yi har da hawaye, abin da ba a gani ba tun ranar jana'iza.

"Kotu!" in ji Shatu, tana ɗaga rabin tanda. "Wallahi sai kotu! Shekara da shekaru ina suya da ita!"

"Ki yi haƙuri, Shatu, za a saya miki sabuwa," in ji Liman, yana share ido da gefen rawani. "Ku kuma, gobe bayan azahar kowa ya zo da malaminsa zaurena. A yi wa gida da dabbobi ƙima, a fitar wa kowa haƙƙinsa, wanda zai riƙe abu ya riƙe shi ɗungurungum ya biya 'yan'uwa. Kun yarda?"

"Mun yarda," suka ce tare, har yanzu suna haki.

Baffa Kalilu bai yi dariya ba. Ya dubi mutanen da ke kan katanga, ya dubi waina a kafaɗar Mai Unguwa. "Da kotun muka je, da mutum goma ne za su gani. Yau ko a rijiyar Kusugu ka tsaya labarinmu za ka ji. Ja'afaru, ka tuna abin da na ce maka a zaure?"

Kowa na jiran ya ji ya ce da ma haka ya tsara. Ja'afaru bai faɗa ba. Ya sunkuyar da kai, ƙwai na ɗiga daga haɓarsa. "Na tuna, Kawu," ya ce a hankali. "Zan canza lungu."

Sai a lokacin Mardiyya ta lura da hannunsa na hagu, wanda tun da aka zaro shi yake manne a ƙirji. Wani abu rawaya na motsi a tsakanin yatsunsa. Gurguwar Inna ce. Tana tsakar gida tana tsince lokacin da shanu suka taho, ba ta iya tashi da sauri, shi kuma ana jan sa a ƙasa ya miƙa hannu ya sure ta daga gaban kofato. Har cikin komi bai sake ta ba, ya ɗaga ta sama, shi ya sha ruwan.

Mardiyya ba ta taɓa magana a gaban dattawa uku a haɗe ba, balle unguwa guda. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fito daga bayan Inna, ta durƙusa.

"Baffa, a gafarce ni. Ya kama."

"Ya kama me?"

"Tantabara. Da hannu ɗaya. Shekara da shekaru ina ce masa ranar da ya kama zan ba shi amsa, kuma gidan nan ba a san mu da saɓa magana ba."

"Ke 'yar nan," in ji Inna, amma idonta na kan gurguwar, kuma ba ta ɗauko muciya ba.

Baffa ya dubi Liman. Liman ya dubi sama, yana danne dariya. Baffa ya yi dogon tsaki irin na wanda aka fi ƙarfinsa. "To ba shi amsar mu ji, tunda yau ba abin da ya rage a ɓoye a gidan nan."

Ta juya wajen Ja'afaru, wanda ke tsaye yana ɗiga, baki buɗe.

"Yaya Ja'afaru, zan aure ka. Sharaɗina ɗaya: ba za ka ƙara raba komai ba, ko ƙosai ne, ni zan riƙa rabawa. Ni kuma na yi maka alkawari a gaban Baffa da Liman, duk inda aka kai ni, wurinka zan dawo. Kuma duk ranar da ka ba 'ya'yanmu labarin yau, ka ce musu da ma haka ka tsara, ba zan ƙaryata ka ba."